Muhawara: Karammiski, auduga da lilin a saƙar darduma ta ƙugiya, shin za su iya tsayawa a gurbin ulu?

Sabuwar Masaƙiya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ban daɗe da fara koyon saƙar darduma ta ƙugiya ba, wato irin wadda ake yanka ƙyalle ziri-ziri, a riƙe zirin a ƙarƙashin yadin tushe, a sa ƙugiya ta sama a riƙa jawo shi yana fitowa zobe-zobe har fuskar dardumar ta cika. Duk darussan da na bi da ulu ake yin su, alhali abin da ya taru a hannuna ragowar ɗinki ne: karammiski mai launin jan garura, yadin auduga iri-iri, da wasu tsofaffin riguna na lilin da suka yi laushi saboda yawan wanki. Ina so in ji daga waɗanda suka riga ni, shin waɗannan za su yi darduma mai ƙarko, ko kuwa ɓata lokaci ne in ba a samu ulu ba?

Uwar Ƙugiya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a yi maganar wane yadi ya fi, ya kamata ki san abin da yake riƙe dardumar tun farko, domin a wannan sana'a babu ƙulli ko guda ɗaya. Idan kika kama bakin ziri kika ja da ƙarfi, layin gaba ɗaya zai biyo hannunki. Abin da ya hana shi fita shi ne matsin zarurrukan yadin tushe, da kuma yadda kowane zobe yake jingine da maƙwabcinsa. To, ulu yana da halaye uku da suka dace da wannan. Na farko, silin gashinsa a murɗe yake, saboda haka in an taka shi ya kwanta, yakan sake miƙewa. Na biyu, jikin silin yana da 'yan ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani, su ne suke sa ya kama yadin tushe bai zame ba. Na uku, idan aka wanke yadin ulu da ruwan ɗumi da sabulu aka busar, zarurrukan sukan cuɗe da juna su dunƙule, ta yadda za ki yanka shi siriri bakinsa bai zazzare ba. Auduga ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan, lilin ma haka, karammiski kuwa santsinsa ma ya ishe shi matsala. Shawarata ita ce, idan darduma ce ta ƙasa wadda ƙafa za ta bi ta kanta kullum, ki haƙura ki nemi ulu, ko da daga tsofaffin kwat da siket da barguna ne.

Mai Bin Tarihi:
Hajiya, bayaninki a kan halin ulu babu abin cirewa a ciki, amma ina da ja a kan hukuncin da kika yanke. Wannan sana'a ba da zaɓaɓɓen ulu ta fara ba. Ta bunƙasa ne a ƙarni na 19 a arewa maso gabashin Amurka da gabar tekun gabashin Kanada, a gidajen talakawa waɗanda ba su da halin sayen kafet na masana'anta, kuma abin da matan suke sa wa a ciki shi ne duk tsumman da ya ƙare aiki a jikin mutanen gida, ulu ne ko auduga. Da buhun algarara ya yawaita bayan shekarun 1850, sai ya zama yadin tushe na kowa da kowa, domin buhunan hatsi da na abincin dabbobi kyauta ake samunsu. Kafin nan kuwa a kan lilin saƙar gida ake yi. Ko Edward Sands Frost, ɗan tallan kayan kwano na jihar Maine wanda ya fara buga zane a kan algarara yana sayar wa mata a wajajen 1870, zane kawai yake sayarwa, kowace mace da tsumman gidanta take cikawa.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne na dardumomin Mishan ɗin Grenfell, wata ƙungiyar agajin lafiya, a Newfoundland da Labrador da ke gabashin Kanada ta yau. A shekarun 1920 da 1930, tsofaffin safunan siliki da na rayon (zaren masana'anta mai kama da siliki) da ake tarawa sadaka daga Amurka da Ingila ake rinawa a yanka a saƙa da su, kuma yau suna cikin kayan da masu tara kayan tarihi suke rububi a kai. Tsayawa a kan ulu zalla, yankan siriri mai launi hawa-hawa daga haske zuwa duhu, ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman ta hannun Pearl McGown, wata mai zanen darduma ta Amurka, wadda ta fara fitar da zane-zanenta a shekarun 1930, ta kuma kafa taron horar da malamai a 1951. Saboda haka mai tambaya ba bidi'a take son kawowa ba, tana kan hanyar da aka faro ne.

Uwar Ƙugiya:
Malam, na yarda da tarihin, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Waɗancan matan sun yi da abin da suka samu ne, kuma sun san dardumar da aka shimfiɗa a bakin ƙofa ba za ta daɗe ba. In ta mutu a yi wata a lokacin sanyi mai zuwa. Waɗanda suka kai zamaninmu su ne waɗanda aka adana, aka rataye, ko aka ajiye a ɗakin da ba a shiga. Na Grenfell ɗin ma da ka ambata, safa saƙar miƙewa ce, ba ta zazzarewa, tana nannaɗe kanta in an ja ta, ga shi kuma an saƙa su cunkus da ƙananan zobba a layi madaidaici. Wannan daban yake da yadin riga na lilin da 'yata take magana a kai. Ni ban ce haramun ne ba. Cewa na yi mutum ya san inda dardumarsa za ta zauna kafin ya yanka ƙyalle.

Tsohon Tela:
Ku ba ni dama in sa baki a kan karammiski, domin shi na fi sani a kan teburin yanka. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk abu ɗaya ne. Karammiski suna ne na yanayin saƙa, wato yadi mai gajeren gashi a tsaye a fuska ɗaya, amma zaren da aka yi shi da shi yana iya zama siliki, rayon, auduga ko poliyesta. Ga mai ƙugiya, abin da ya fi muhimmanci shi ne bayansa. Akwai wanda aka saƙa da zaren tsaye da na kwance, ba ya miƙewa in an ja. Wannan da zarar almakashi ya ratsa shi sai gashin bakin ya fara zuba, domin kowane silin gashi maƙale yake kawai a tsakanin zarurrukan bayan, in an yanke waɗanda suka riƙe shi sai ya faɗo. Akwai kuma mai miƙewa, wanda bayansa saƙar singileti ce, galibi poliyesta da ɗan zaren roba. Shi ba ya zazzarewa, kuma in kin ja zirin sai gefunansa su naɗe su ɓoye kansu. Wannan na biyun shi ne yawancin masu ƙugiya suke nufi in sun ce sun yi aiki da karammiski ya yi kyau. Na kujera da labule kuwa, mai kauri da tauri, wani ma da danƙo a bayansa, kada ki wahalar da wuyan hannunki da shi. Malama, ki juya naki ki ja shi ta faɗi, ki gaya mana abin da kika gani.

Sabuwar Masaƙiya:
Baba, na gwada yanzu. Kashi biyu ne ashe. Babban yankin yana miƙewa sosai ta gefe ɗaya, kaɗan ta ɗaya gefen. Ƙaramin kuwa ba ya miƙewa ko kaɗan, yana da sheƙi da laushi fiye da babban, kuma da na yanki ɗan gefensa sai jan gari ya cika mini cinya.

Tsohon Tela:
To, babban shi ne abokin aikinki. Ƙaramin, bisa yadda kika siffanta shi, zai yiwu irin wanda bayansa siliki ne gashinsa rayon, kuma duk cikin karammiski babu mai kyansa a ido, sai dai yana buƙatar haƙuri. Ki yanka shi da faɗi, kada ya gaza rabin inci, ki bi zaren tsaye sak, sa'an nan ki fita waje ki karkaɗe zirin sosai kafin ki kai shi kan aiki, domin garin da zai zuba ya zuba tun a nan. Kada ki sa ko ɗaya daga cikinsu a injin yankan ziri. An yi wuƙaƙen injin nan ne domin ulu, poliyesta tana dakusar da su, mai miƙewa kuma yakan tattare a tsakanin wuƙaƙen ya fito a karkace. Almakashi mai kaifi ko reza mai taya da rula sun wadatar, kuma ki kifa yadin ki yanka ta bayansa, layi ɗaya ba ninki ba, saboda gashi a kan gashi zamewa yake yi.

Akwai kuma batun kwanciyar gashi. Ki shafa yadin da tafin hannu: ta wata fuska zai yi santsi launin ya yi haske, ta ɗaya fuskar zai yi ɗan kaushi launin ya yi duhu. A ɗinkin riga wannan ne yake sa hannu ɗaya ya fito kamar ba daga yadi ɗaya aka yanko shi ba. A darduma kuwa kowane zobe yana hawa ne ya sauka, saboda haka gefensa ɗaya haske, ɗaya duhu, shi ya sa launi guda na karammiski yake fitowa kamar an haɗa biyu ko uku.

Mai Furen Bango:
Abin da Baba ya faɗa a ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ba na rabuwa da karammiski. Ina sa shi a tsakiyar fure, a idon tsuntsu, a kan ruwa inda ake son walƙiya, ulu kuma ya kewaye shi. Ulu yana shanye haske, karammiski yana mayar da shi, kuma idan kika tsaya daga nesa sai wurin ya yi kamar ya ɗago daga jikin dardumar.

Ga yadda hannu yake tafiya da shi. Yatsun da suke ƙasa su ne masu aikin gaske: kina ninka zirin biyu a tsaye, gashin yana waje, kina miƙa wa ƙugiya shi a ninke, in ba haka ba bayan yadin ne zai leƙo sama, ya ɓata miki wurin da fari-fari. Ki yi amfani da ƙugiya mai kaurin wuya, ki tura ta har wuyan ya buɗe ramin sosai, domin ziri ya wuce ba tare da zarurrukan tushe sun kankare masa gashi ba. In kin jawo zobe, ki karkata ƙugiyar baya wajen zoben da kika gama, saboda santsinsa yakan sa sabon zobe ya janye na bayansa ya nutse. Mai miƙewa kuma kada ki ja shi da ƙarfi daga ƙasa. In kika miƙar da shi yayin saƙa, bayan kin saki zai koma, zobban su gajarce su yi ƙasa da ulun da ke gefensu. Ni nakan ɗaga su sama da na ulu kaɗan tun farko. Sai batun guga. Mun saba in an gama darduma a kifa ta, a ɗora jiƙaƙƙen tawul, a danna dutsen guga domin tururi ya daidaita ta. Wurin da karammiski yake, danna dutse yana kwantar da gashin, wani lokaci har abada, zafi mai yawa kuma yana iya narkar da poliyesta. Ki kifa ta a kan tawul mai kauri, ki bar tururi kawai ya ratsa, kada nauyin dutsen ya sauka.

Uwar Ƙugiya:
Ƙanwata, sunanki ma ya ba da amsa, na bango kike yi. A bango ban da ja da ke ko kaɗan.

Mai Tara Ƙyallaye:
Ina so a dawo kan auduga, domin ina ganin an yi mata hukunci a dunƙule. Ita ma kashi biyu ce kamar yadda Baba ya raba karammiski. Tsofaffin rigunan tishat da singileti, in aka yanka su ta faɗi aka ɗan ja zirin, sai ya naɗe ya zama kamar igiya mai laushi, babu zare ko ɗaya da yake fita, kuma yana wucewa ta ramin tushe cikin sauƙi fiye da ulu ma. Na ga dardumar bakin gado da ta ɗakin yara da aka yi da su, suna aiki lafiya. Gaskiya ne zobban sukan kwanta da taku, ba sa tashi kamar na ulu, kuma auduga tana kama datti da wuri, amma tana jure ruwa da sabulu, wanda ga mai ƙananan yara ba ƙaramin abu ba ne. Falanel na auduga, irin na rigunan barci, shi ma yana da ɗan gashi da yake taimaka masa ya kama.

Wanda yake ba da wahala shi ne yadin auduga na riga da zanen gado. Bakinsa yana fitar da zare, kuma in mai zane ne da aka buga wa launi a fuska ɗaya, bayansa fari-fari ne, dole ki riƙa ninkawa kamar yadda aka faɗa a kan karammiski. Wanda rini ya ratsa gaba da baya, kamar batik, ya fi sauƙi. Wani abin da sabon shiga ba ya zato shi ne zanen yadin ba ya fitowa a darduma. Manyan furanni sukan koma ɗigo-ɗigon launi ne kawai, saboda haka ki murɗe ƙyallen a hannunki ki dube shi, abin da kika gani a murɗen shi za ki samu. Jins kuwa yana da ƙarko, amma yana gajiyar da hannu ƙwarai. Kuma kowace auduga ce, a wanke ta da ruwan zafi kafin a yanka, ta gama tsukewarta, sitacin kamfani ya fita.

Tsohon Tela:
Maganin zazzarewar auduga a wurinmu sananne ne, a yanka ta a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda ake yanka ƙyallen dajiya. Babu dogon zare da zai bi bakin zirin balle ya zare, ga shi kuma yana samun ɗan miƙewa.

Uwar Ƙugiya:
Malam, a nan kam ɗinki da ƙugiya sun rabu. Ƙyallen dajiya ana ɗinke shi ne a kan wani yadi, ba a jan sa. Zirin darduma kuwa ana jan sa ta rami sau da yawa, kuma ƙarfinsa yana cikin dogayen zarurrukan da suka bi tsawonsa. In ka yanka a karkace, duk zarurrukan gajeru ne, siririn ziri sai ya rabe a bakin ƙugiya. Shi ya sa muke tsaga bakin yadi da almakashi mu yage shi da hannu, domin yagewa tana bin zare sak, sa'an nan mu yanka daidai da wannan layin.

Tsohon Tela:
Hajiya, a kan siririn ziri maganarki ce daidai. Amma auduga ai ba a yanka ta siriri. Lambobin da kuke amfani da su wajen auna faɗin ziri, kowace lamba kashi ɗaya ne cikin 32 na inci, lamba 3 ba ta kai milimita 3 ba, lamba 8 kuma kwatan inci ce, kimanin milimita 6. Wannan ma'aunin ulu ne. Auduga mara kauri sai ta kai inci ɗaya ko kusa da haka, a ninka ta, kafin ta cika ramin da ulu lamba 8 yake cikawa, kuma a wannan faɗin yankan karkace ba ya rabewa. Ina ganin kowa ya yanka biyu-biyu ya gwada a gefen tushensa, yadin da ke hannunsa ne zai raba gardamar.

Malamin Rini:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne yake ɓata aikin da aka haɗa yadi iri-iri: launi. Ulu da siliki daga jikin dabba suke, rininsu yana kamawa ne da tsami da zafi, shi ya sa ake zuba binigar a tukunya. Auduga, lilin da rayon daga tsiro suke, rininsu daban ne, irin su Procion da kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1956, wanda yake kamawa da sodar wanki ba tare da an tafasa ba. In kin jefa auduga a tukunyar rinin ulu, za ta fito da ɗan dishi-dishin launi wanda wanki zai tafi da shi; in kin jiƙa ulu a soda mai ƙarfi kuma, kin lalata gashin. Poliyesta ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin biyun, tana da nata rinin mai buƙatar zafi sosai, saboda haka karammiski mai miƙewa a launin da kika same shi za ki yi aiki da shi. Mai bayan siliki da gashin rayon kuwa yana shan rinin auduga da kyau matuƙa.

Tun da kin ce naki ja ne, ki gwada shi kafin ya kusanci farin ulu. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki ɗora a kai ki danna na ɗan lokaci. In ja ya fito a ƙyallen, to ranar da ruwa ya zube a kan dardumar, ko ranar da kika yi mata tururi, jan zai malala cikin maƙwabtansa, kuma ba a cire shi. A wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito garau, in ya ƙi dainawa a ajiye shi gefe.

Mai Gyaran Tsofaffin Darduma:
Ni aikina karɓar waɗanda suka lalace ne, saboda haka ta baya nake fara duba darduma. Game da lilin, ra'ayina shi ne wurinsa ƙasa ne. A matsayin yadin tushe babu kamarsa: zarensa dogo ne mai ƙarfi, yana ƙara ƙarfi ma in ya jiƙe, ba ya miƙewa ya karkatar da zane, kuma yana daɗewa. Algarara kuwa, duk da tarihin da Malam ya kawo, ita ce take kashe yawancin tsofaffin dardumomin da suke zuwa hannuna. Da shekaru takan bushe ta yi gautsi, danshi da rana suna gaggauta hakan, sai ka ga fuskar darduma lafiya lau, amma in ka ɗaga ta zuwa haske ka ga tushen ya tsattsage, zobba suna zubowa. Tushen auduga mai ramuka yana tsakani, yana da laushi a hannu, sai dai yana miƙewa, dole a ɗaure shi tamau a firam.

Amma lilin a matsayin ziri, halayen da suka sa ya yi kyau a ƙasa su ne suke kayar da shi a sama. Ba shi da miƙewa kusan sam, in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, kuma inda aka daɗe ana ninke shi a wuri ɗaya a nan zaren yake karyewa, kamar yadda kowa yake gani a wuyan tsohuwar rigar lilin. Kan zobe kuwa ninki ne da ake takawa kullum. Ga shi saƙarsa sau da yawa sakwa-sakwa ce, zarensa mai santsi, yana zazzarewa fiye da auduga.

Abu na biyu da nake gani shi ne darduma mai gauraye ba ta tsufa gaba ɗaya. Ulu yana nan a tsaye, audugar da ke gefensa ta kwanta, silikin ya cinye har tushe ya bayyana, sai fuskar ta zama tudu da kwari. Kuma ina roƙon kowa, kada santsin karammiski ya sa a shafa wa bayan darduma gam ko ruwan roba domin a riƙe zobba. Yana bushewa ya farfashe, yana riƙe danshi, kuma ya hana a zare wurin da ya lalace a sake saƙawa, wanda shi ne babban alherin sana'ar da babu ƙulli a cikinta.

Mai Furen Bango:
Yaya, zazzarewar lilin da kake kira aibi, wani lokaci ita nake nema. In ana son ciyawa busasshiya, ko rufin bukka, ko gashin tunkiya, ko sheƙar tsuntsu, zirin lilin da aka yage da hannu yana ba da wani kaushi da 'yan zarurruka a tsaye wanda ulu mai tsabtar baki ba zai bayar ba. Tsohon lilin da ya sha wanki, irin na mai tambaya, ya fi sabo biyayya nesa ba kusa ba, kuma launinsa na asali, tsakanin fari da ruwan ƙasa, yana da kyau a sararin sama ko bangon gida a cikin zane.

Mai Gyaran Tsofaffin Darduma:
A kan abin ratayewa ko fuskar matashin kujera, na ba ki gaskiya. Zan ma ƙara wa ɓangarenku hujja guda: asu ulu da siliki yake ci, ba ya rayuwa a kan auduga, lilin ko poliyesta masu tsabta, saboda haka mai fama da asu a ɗaki yana da dalilin duba waɗannan. Sai dai a sani, ulu ba ya saurin kama wuta, auduga da lilin da rayon suna ci da sauri, poliyesta kuma narkewa take yi. Dardumar da za a shimfiɗa kusa da murhu ko abin ɗumama ɗaki, ulu ce kawai zan yarda da ita.

Sabuwar Masaƙiya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsayar shi ne zan yi ƙaramin abin bango a kan tushen lilin, furanni da karammiski mai miƙewa, ƙaramin mai sheƙin kuma a tsakiyar furannin kawai bayan na gwada zubarsa, ganye da audugar tishat, bayan zanen kuma, wato filin da ya kewaye furannin, da tsofaffin rigunan lilin. Dardumar ƙasa sai na tara ulu. Saura tambaya ɗaya: ta yaya zan san ko ƙyallen da nake da shi zai isa wurin da nake son cikawa, kada in kai tsakiya launi ya ƙare?

Uwar Ƙugiya:
A ulu, ƙa'idar da muke bi ita ce a ninka yadin huɗu a ɗora a kan wurin. In ya rufe shi, zai isa ga siririn yanka, mai faɗin yanka da dogayen zobba kuma sai ninki biyar ko shida. Amma wannan lissafin ba zai yi miki aiki kai tsaye ba, 'yata, domin audugarki da lilinki ninka su za ki yi kafin su shiga rami, za su ci fiye da haka, mai miƙewa kuma ya danganta da yadda hannunki yake ja. Ki zana murabba'i mai inci 2 a kowane gefe a bakin tushenki, ki auna ƙyallen kafin ki yanka, ki cika murabba'in, ki ga nawa ya ci, sa'an nan ki lissafa da girman wurin. Ki yi haka ga kowane yadi daban. Bayan zanen shi ne yake cin ƙyalle fiye da komai, saboda haka in rigunan lilin ɗin launinsu bai zo ɗaya ba, ki yanka su duka ki gauraya zirin a jaka guda tun farko, ki riƙa ɗauka ba zaɓe, kada rabin sama ya fito da launin riga ɗaya rabin ƙasa da na wata. Kuma kada ki cika kowane rami. Da ziri mai faɗi ana tsallake rami biyu ko uku, in ba haka ba aikin zai cunkushe ya kumbura ya ƙi kwanciya a bango.

Tsohon Tela:
In kin zo murabba'in auduga, Malama, ki yi guda biyu, ɗaya yankan miƙe ɗaya na karkace, ki ɗauko mana hotonsu gaba da baya. Ni da Hajiya ba mu gama wannan maganar ba.